Filin jirgin Murtala Muhammed na Legas: inda yake ƙoƙari da inda yake wahalar da matafiyi

Kuskuren farko da baƙo yake yi a Legas shi ne ya shiga mota ya ce wa direba, "Kai ni filin jirgi," ya koma ya jingina. Direban da ya san aikinsa zai waiwayo ya tambaya: lokal ko intanashinal? Idan ka ce lokal, da sauran tambaya, wace daga cikin tashoshin cikin gida biyu, MMA2 ko GAT? Idan ka ce intanashinal, tsohuwar tasha ko sabuwa? Suna ɗaya ne, Filin Jirgin Saman Murtala Muhammed da ke Ikeja, amma tashoshin fasinja huɗu ne a ƙarƙashinsa, ban da sansanin alhazai da ɓangaren dakon kaya. Tsakanin ɓangaren cikin gida da na ƙasashen waje kuwa sai an shiga mota. Da yawa daga mutanenmu da jirgi ya tashi ya bari a Legas sun iso filin a kan lokaci, sai dai a ƙofar da ba tasu ba.

Ra'ayinmu a kan wurin shi ne: babu kamarsa a Najeriya wajen yawan jirage da yawan ƙasashen da yake kai mutum, kuma da wuya a sami wanda ya kai shi barin matafiyi ya yi ta kansa. Kowane ɓangare yana aikinsa daidai gwargwado, amma babu mai miƙa ka daga hannu zuwa hannu. Kai ne mai haɗawa.

Filin ya samo asali tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Sunan da yake ɗauke da shi na Janar Murtala Ramat Muhammed ne, ɗan Kano da hotonsa ke jikin naira ashirin, wanda aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Tsohuwar tashar ƙasashen waje, mai fukafukai biyu da ake kira D da E, an buɗe ta ranar 15 ga Maris, 1979, an kuma kwaikwayi tsarin filin Schiphol na birnin Amsadam a ƙasar Holan wajen gina ta. A lokacinta abin alfahari ce. Matsalarta ita ce ta shafe shekara arba'in da ɗoriya tana ɗaukar nauyin da ya fi wanda aka gina ta dominsa, shi ya sa na'urorin sanyaya wuri da bel ɗin kaya da matakala masu tafiya da kansu suka daɗe suna aiki yau, gobe su tsaya. A watan Satumbar 2023 gobara ta tashi a cikinta, aka kwashe kamfanoni zuwa sabuwar tasha cikin gaggawa. A 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kimanin naira biliyan 712 don sake gina ta. Aiki irin wannan yana sa a riƙa sauya wurin awon kaya da ƙofar shiga, saboda haka kada ka dogara da inda ka bi bara. Tambayi kamfanin jirginka kwana ɗaya kafin tafiya.

Sabuwar tashar, wadda kamfanin CCECC na Sin ya gina da rancen ƙasar Sin, Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe ta ranar 22 ga Maris, 2022. Tana da kantar awon kaya 66, kuma a lissafin gwamnati za ta iya ɗaukar fasinja miliyan 14 a shekara. Akwai haske, akwai sanyi, banɗakuna sun fi na tsohuwar tsafta nesa ba kusa ba. Aibinta a waje yake, inda fasinja ba ya gani: farfajiyar da jirage ke fakawa ta yi kaɗan ga manyan jirage masu dogon zango. Wannan ne ya sa manyan kamfanoni suka ƙi komawa cikinta fiye da shekara bayan buɗe ta, shi ne kuma dalilin da wani lokaci za ka gama komai a gini mai kyau sannan a sa ka doguwar tafiya ko a zuba ku a bas zuwa gindin jirgi. Mai tafiya da tsoho ko marar lafiya ya nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti, kada ya bari sai a kanta.

A ɓangaren cikin gida, MMA2 ta fi tsari. Tsohuwar tashar lokal ta ƙone a 2000, kamfanin Bi-Courtney ya gina wannan a madadinta, aka buɗe ta a 2007, kuma har yanzu kamfanin ne ke gudanar da ita. Tana da wurin ajiye motoci mai hawa-hawa a jikinta, da kantuna da wuraren cin abinci, allunan sanarwa kuma suna aiki. GAT tana hannun FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya, ta fi ƙunci, da safe kuma tana cika har mutum ya rasa wurin zama. Kamfanoni suna ƙaura tsakanin tashoshin biyu, har akwai mai amfani da duka biyun, don haka abin da ke rubuce a tikitinka shi ne hujja. Ba su da nisa da juna, amma mai akwati biyu da yara ba zai ji daɗin takawa ba.

Titin sauka da tashi biyu ne. Babban, 18R/36L, mita 3,900 ne, yana gefen intanashinal. Ƙaramin, 18L/36R, bai kai mita 2,800 ba, yana gefen lokal. Ƙaramin ya yi shekaru babu fitilun dare, sai a 2022 aka sa masa. Kafin nan duk jirgin Kano ko Abuja da ya iso bayan magariba sai ya sauka a babban titi ya yi ta gangarawa a ƙasa zuwa lokal, a ƙona mai, a ɓata lokaci. Wannan gyara ne da ya kamata a yaba.

Sai hanya, wadda ita ce rabin tafiyar. Intanashinal ana shigarta ta titin da ya taso daga Oshodi ya ratsa tsakanin Mafoluku da Ajao Estate, wanda gwamnatin jiha ta faɗaɗa a zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode. Lokal kuwa ta cikin Ikeja ake zuwa mata, ta titin Mobolaji Bank Anthony. Mazauna Agege sun fi kowa sa'a, lokal a maƙwabtansu take, amma su ma titin Agege Motor Road da ƙarƙashin gadar Ikeja kan riƙe su da sassafe. Mai tasowa daga Idi-Araba ko Mushin ta Oshodi zai bi. Mai tasowa daga Mile 12 zai sha cunkoson Ketu da Ojota da Maryland. Na Alaba Rago shi ne abin tausayi, don titin Badagry da Mile 2 suna gabansa, ya ware awa uku ba a ce ya yi yawa ba. Daga Obalende ko Ikoyi, gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 takan miƙe cikin minti goma sha biyar da asuba, amma daga ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da ma'aikata ke barin tsibirin Legas, inda Obalende da Ikoyi suke, sai abin da Allah ya yi. Abin takaicin, daidai wannan lokaci ne masu jiragen Turai suke kan hanya, tunda galibinsu da dare suke tashi.

Kada ka ce idan hanya ta cushe za ka hau acaɓa. An hana shi a ƙaramar hukumar Ikeja, an kuma ƙara da Oshodi-Isolo a 2022, ɗan acaɓan da ya yarda ya kai ka yana jefa babur ɗinsa ne a hannun hukuma. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi, yana taimakon mai 'yar jaka ɗaya, amma ba ya shiga filin, dole ka ƙarasa da mota.

Abin da ya fi cin mutanen Arewa shi ne haɗa jirgi da jirgi. Mutum ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yola da niyyar kama jirgin waje a Legas a rana ɗaya. Kusan kullum tikiti biyu ne daban, na kamfanoni biyu da babu ruwan wani da wani. Ma'anarsa, kayanka ba za su wuce kai tsaye ba. Za ka jira su a bel, ka fito da su, ka nemi mota, ka bi ta shingen karɓar kuɗi na FAAN da ke tsakanin ɓangarorin biyu, ka sake shiga layi daga farko. Ga lissafin: daga saukar jirgi zuwa fitowarka da kaya, minti talatin zuwa arba'in da biyar. Hanya, minti goma sha biyar idan a buɗe take, kusan awa idan shingen ya cushe. Kamfanonin waje suna son ganinka awa uku kafin tashi, suna kuma rufe kanta kamar awa ɗaya kafin lokaci. Ka ga an tasar wa awa biyar ke nan, ba a sa jinkirin jirgin farko ba. In jirgin Kano ya makara ka rasa na Landan ko Dubai, kamfanin waje zai rubuta ba ka zo ba, na gida kuma iyakarsa tikitinsa. Asarar a kanka take. Shawararmu, kada tazarar ta gaza awa shida, kuma ka ɗauki jirgin safe na farko, domin shi ne jinkirin yini bai taru a kansa ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ma wannan bai isa ba. Idan hazo ya sauka a Arewa, nisan da matuƙi ke iya gani yakan faɗi ƙasa da abin da doka ta yarda a sauka da shi, jirgin da zai ɗauke ka ma ba zai baro Legas ba. A irin wannan lokaci ka zo kwana ɗaya kafin tafiyar, ka kwana wurin 'yan'uwa a Agege ko a ɗaya daga ƙananan otal-otal na Ajao Estate. Kuɗin kwana ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabon tikitin Turai ba. Damina ita ma da nata, hadarin Legas na watan Yuni da Yuli yakan tsayar da tashi na awa ɗaya ko biyu, amma yana wucewa. Hazo yakan yini, ya kwana.

Akwai kuma bambancin nauyin kaya. Tikitin waje sau da yawa yana ba ka akwati biyu masu kilo 23 kowanne, na cikin gida kuwa akwati ɗaya ne, tsakanin kilo 15 da 23 gwargwadon kamfani da irin tikiti. Ka shirya biyan kuɗin ƙari tun daga filin Malam Aminu Kano. Akwati ɗaya kuma ba ya wuce kilo 32 ko nawa za ka biya, saboda mutane ne ke ɗaga shi.

Wanda ya tsaya a zauren tashi da ƙarfe bakwai na dare zai ga inda shiri ke rabuwa da rashin shiri. Ga wata Hajiya ta durƙusa gaban sikeli, akwati a buɗe, tana zaro atamfa da ƙullin kuka da daddawa tana cusawa a jakar hannu saboda kilo uku da suka ƙaru, layi kuma yana tsallake ta. Ga wani matashi babu katin aiki a wuyansa ya rusuna gaban wani dattijo yana cewa, "Alhaji, ranka ya daɗe, kawo fasfo in gaggauta maka, layin nan ba naka ba ne." Amsar da ta dace ita ce, "Na gode, ɗana, bari in bi layi." Fasfo ba ya barin hannunka sai a kanta, gaban ma'aikaci mai kaki ko mai kati. Tun watan Mayun 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a umarnin da ya hana 'yan cuku-cuku da roƙo a filayen jirgi. An samu sauƙi, musamman a sabuwar tasha, amma abin bai mutu ba, kuma har yanzu akan sami mai kaki da zai tambaye ka abin da ka ajiye masa. Ba dole ba ne ka bayar. Wanda takardunsa suka cika, murmushi da haƙuri sun ishe shi wucewa.

Matakan fita a jere suke: na'urar duba kaya a bakin ƙofa, duba fasfo da biza daga ma'aikatan kamfani, awo da karɓar katin shiga jirgi, jami'an lafiya, jami'an shige da fice, binciken jiki da jakar hannu, sannan ƙofar jirgi, inda wasu kamfanoni ke sake bincike. Kwastan da NDLEA da masu kula da tsirrai da dabbobi suna iya tsayar da kai a tsakani. Yawan hannayen nan shi ne babban abin da ke cinye awa ukun. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin ciwon shawara, wanda ake kira yalo kat, ka yi shi da wuri, domin allurar sai ta kwana goma kafin a amince da ita, kuma ƙasashe irin su Gana da Afirka ta Kudu da Saudiyya suna tambayarsa. Kuɗin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa dole a bayyana wa kwastan a rubuce. Ɗaukarsa ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi, kuma 'yan kasuwarmu sun yi asarar dukiya a kan takardar da ba ta cin minti biyar.

Ruwa da turare da man shafawa a jakar hannu, kowace kwalba kada ta wuce mililita 100. Babbar kwalbar turare ta shiga akwati. Fawa banki akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi, idan na'ura ta gan shi a akwati za a kira sunanka ko a ajiye akwatin jirgi ya tafi. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Ingila da Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai, ko an bar ka ka fita da su a nan za a ƙwace a can. Goro haramtacce ne a Saudiyya. Manja kamfanoni da yawa ba sa karɓa. Jakar Gana-mas-go ma wasu sun daina karɓarta saboda tana maƙalewa a bel, Ethiopian ya sanar da haka tun ƙarshen 2023. Magani irin su tiramadol da kodin kada su kusanci kayanka sai da takardar likita.

Wannan kuma muna roƙo da babbar murya: kada ka karɓi saƙon kowa, ko da a layi ya ce maka shi ɗan unguwarku ne, ambulan ce kawai za ka miƙa wa ƙaninsa a Jidda. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne. Bayan awo, ƙirga 'yan takardun kaya da aka manna maka a bayan katin shiga. Akwati biyu ka bayar, takarda biyu za ka gani. In ka ga uku, kada ka motsa daga kantar sai an warware, domin an taɓa kama masu liƙa sunan fasinja a jakar da bai san da ita ba. Ɗauki hoton akwatunanka a kan sikeli, sannan ka naɗe su da leda.

Idan jirgin cikin gida ya yi jinkiri, dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, tana bayanka fiye da yadda mutane suka sani. Bayan awa biyu kana da haƙƙin abin taɓawa. Bayan awa uku kana iya cewa ka fasa a mayar maka da kuɗinka. Idan jinkirin ya kai tsakanin ƙarfe goma na dare da huɗu na asuba, masauki da motar zuwa masauki suna kan kamfani. Kuɗin da aka biya ta banki ko kati ana mayar da shi cikin kwana 14. Hukumar tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a tashoshin. Hayaniya a kanta ba ta kawo jirgi, rubutaccen ƙorafi mai lambar tikiti shi ke kawo kuɗi. Jinkirin da hazo ko hadari ya jawo dai ba a biyan diyya a kansa.

Wajen sauka, jami'an shige da fice sun fi da sauri, an kuma kafa ƙofofin lantarki masu karanta fasfon Najeriya. Bel ɗin kaya ne ke ja, musamman da yamma idan manyan jirage biyu ko uku suka sauka a jere. Idan akwatinka bai fito ba, kada ka bar zauren sai ka cike takardar rahoton ɓatan kaya a teburin kamfanin ka karɓi lamba. Wanda ya fita ba tare da ita ba ya raunana ƙararsa. Akwatin da ya fashe, kwana bakwai gare ka ka rubuta ƙorafi, wanda ya makara kuma kwana 21 daga ranar da aka damƙa maka shi.

Abinci a ciki yana da tsada, ruwan gora ma ya ninka na waje, gara ka ci ka ƙoshi kafin ka shigo. Akwai masallaci a harabar filin, amma da zarar an buga maka hatimin fita ba ka komawa, don haka ka yi alwala da salla tukuna idan lokaci ya shiga. In ta kama ka a ciki, alƙibla daga Legas gabas ce maso arewa, wajen digiri 63 a kamfas ɗin waya. Canji kuwa, ka canza abin da zai kai ka gida kawai a kantunan da ke cikin zaure, ka ƙirga a gabansu, sauran ka bari sai ka je wurin ɗan canjin da ka sani da rana.

Mota ita ce mataki na ƙarshe. Da ka fito za a yi maka caa, kowa da mukulli a hannu. Tasi masu rajista na filin sun fi tsada amma an san su, ka yi ciniki ka gama kafin a sa akwati a but. In Uber ko Bolt za ka kira, direban yakan ce ka same shi a wurin ajiye motoci, kuma ya kamata ku daidaita wa zai biya kuɗin fakin kafin ku tashi. Duba lambar motar ta yi daidai da ta cikin waya, ka tura ta ga wanda ke jiranka a gida. Idan bayan sha ɗaya na dare ka sauka kuma Alaba Rago ko Ikorodu za ka, kwana kusa da filin, ka kama hanya bayan sallar asuba.